Bature ɗan ƙaura da aikin agaji na shekara arba'in ba albashi: me ya kai shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Adelaide na ƙasar Ostireliya. Kwanan baya wani tsohon Bature maƙwabcina ya rasu. A wajen jana'izarsa na ga mutane cikin yunifom sun yi sahu, aka ce mutumin Ingila ne, ya zo ƙasar da ƙuruciyarsa a shekarun 1960, kuma ya shafe fiye da shekara arba'in yana aikin agaji da ƙungiyar St John Ambulance bayan aikinsa na masana'anta, ko sisi ba a biyansa. Abin ya ɗaure mini kai. Wanda ya baro ƙasarsu neman abinci, ina ya ga lokacin aikin kyauta? Me yake samu a ciki? Kuma ni da nake baƙo, Musulmi, zan iya shiga irin wannan aiki?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da rashin maƙwabci, Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Tambayoyi uku ka ɗaure wuri ɗaya: me ya ja mutumin nan cikin aikin, me ya riƙe shi a ciki har tsufa, sannan ko kai ma akwai ƙofar da za ka shiga. Ni ma'aikacin jinya ne, na koyar da taimakon gaggawa a gida kafin aiki ya kai ni jihar Kudancin Ostireliya da kake zaune, inda na yi gogayya da tsofaffin 'yan agaji irin maƙwabcinka. Zuciyar mamacin Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta, ba zan yi mata fassara ba. Amma hanyar da irinsu suka biyo sananniya ce, kuma abin da na fahimta daga zama da su shi ne aikin agajin bai jira sun zauna da gindinsu ba. Shi ne ma ya zaunar da yawancinsu.

Yadda suka zo

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, mutanen Ostireliya duka-duka miliyan 7 da 'yan kai ne a ƙasa mai faɗin nahiya. Jiragen Japan sun yi wa garin Darwin ruwan bama-bamai a 1942, abin da ya tsorata gwamnati ƙwarai, ta ga cewa in ba a cika ƙasar da mutane ba wata rana za a ƙwace ta. A shekarar 1945 ɗin aka kafa ma'aikatar shige da fice, Arthur Calwell ya zama ministanta na farko, daga baya kuma aka ƙulla yarjejeniya da Birtaniya: babba ya biya fam 10 kacal a kai shi Ostireliya a jirgin ruwa, yara kyauta. Sharaɗi shi ne ka zauna shekara biyu, in ka koma kafin nan sai ka biya cikakken kuɗin jirgin. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka taho ta wannan hanya tsakanin 1945 da 1972.

Bari in faɗi wani abu kafin in wuce. A daidai lokacin da ake biya wa Bature kuɗin jirgi, dokar ƙasar tana rufe ƙofa ga irina da irinka. Manufar fifita farar fata da aka kafa a 1901 sai a 1973 aka gama kawar da ita. Saboda haka baƙuncin maƙwabcinka da naka ba iri ɗaya ba ne, shi an yi masa shimfiɗa.

Duk da shimfiɗar, ba su samu abin da hotunan talla suka nuna musu ba. Da yawa an sauke su ne a sansanonin baƙi, irin na Finsbury da ke Adelaide, cikin bukkokin kwano da aka gada daga soja, zafi da rani, sanyi da hunturu, abinci a ɗakin cin abinci na gayya. 'Yan ƙasa suna yi musu ba'a cewa ƙorafi ya yi musu yawa. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun tattara sun koma Ingila, wasunsu kuma suka sake dawowa. A jiharku gwamnati ta gina sabon gari sukutum a arewacin Adelaide a 1955, aka sa masa sunan Sarauniya Elizabeth, ya cika da mutanen Ingila masu aiki a masana'antar motoci ta Holden da makamantanta. Gari ne da kowa baƙo ne a cikinsa. Babu kaka, babu ƙanen uba, babu abokin yarinta. Mutum yana da aiki da gida da mata da yara, amma in ya fita ƙofa babu wanda ya san ɗan wane ne shi.

Abin da ya taho da shi

A nan St John ta shigo. Ƙungiyar 'yar Ingila ce tun asali. A 1877 aka kafa sashenta na koyar da taimakon gaggawa, a 1887 aka kafa rundunar 'yan agaji masu yunifom. Zamanin masana'antu ne, ma'aikatan jirgin ƙasa da masu haƙar kwal suna jin munanan raunuka, likita kuma yana nesa, sai aka ga gara a koya wa ma'aikatan da kansu yadda za su tsai da jini, su ɗaure karaya, su ɗauki abokinsu ba tare da sun ƙara masa ciwo ba. Shi ya sa tun farko aikin ya zama na talaka mai aikin hannu. A 1922 aka buɗe sashen yara. Kafin a kafa hukumar lafiya ta ƙasa a Birtaniya a 1948, 'yan sa-kai na St John da Red Cross ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na jigilar majinyata, kuma lokacin da Jamus ke jefa bama-bamai a Landan da sauran birane a 1940 da 1941, suna cikin masu kwasar waɗanda suka ji rauni.

Ka ga wanda ya baro Ingila a shekarun 1960 yana saurayi ya tashi ne cikin wannan yanayi. Wataƙila ya koyi ɗaurin bandeji a sashen yara, ko a wajen aiki, ko lokacin aikin soja na tilas da aka riƙa ɗaukar samari har zuwa 1960. Da ya sauka Ostireliya sai ya tarar ƙungiyar ta riga shi zuwa, don tun 1883 take can. Yunifom ɗin baƙi da fari ne kamar na gida, muƙamai iri ɗaya, fareti iri ɗaya, darasi iri ɗaya. Kamar Bahaushe ne ya sauka Kumasi ya nufi zango: bai san kowa ba, amma ya san yadda ake gaisawa da inda ake zama. Wani tsoho daga cikinsu ya taɓa gaya mini cewa a wajen aiki sunansa baƙo mai ƙorafi, amma daren da ya shiga ɗakin atisaye ya ɗaura majanyin hannu daidai, babu wanda ya sake tambayarsa daga ina ya zo.

Wannan ne amsar tambayarka ta farko. Lokacin da kake mamakin inda ya samo shi, lokacin kaɗaici ne. Mai aikin masana'anta yana tashi da yamma, ba dangin da zai kai wa ziyara, ba bikin da za a gayyace shi. Wasu mashaya ta cinye wannan lokaci, wasu ƙungiyar ƙwallo, wasu coci, wasu kuma agaji.

Ba St John kaɗai ba ce. Ƙasar gaba ɗaya a kan aikin sa-kai take tsaye fiye da yadda baƙo zai zata. Masu kashe gobarar daji yawancinsu 'yan sa-kai ne, haka masu ceton mutane a bakin teku, waɗanda ƙungiyoyinsu suka faro a Sidni a 1907. Kai wa tsofaffi dafaffen abinci har gida, wata mata ce mai suna Doris Taylor, wadda ita kanta a keken guragu take, ta fara shi a jiharku, a unguwar Port Adelaide, a 1954. Ko Tony Abbott, wanda ya yi firaminista daga 2013 zuwa 2015, a Landan aka haife shi a 1957, iyayensa suka taho da shi a 1960 ta wannan shiri na fam 10, kuma ya daɗe yana aikin kashe gobara na sa-kai, har da lokacin da yake kan mulki. Siyasarsa kowa da ra'ayinsa, amma abin yana nuna maka cewa a can sa yunifom na sa-kai hanya ce ta zama ɗan gari.

Ainihin aikin

A wajen jana'iza manyan ranaku ake ambata. Kuma akwai su. Ranar 16 ga Fabrairu 1983 gobarar daji ta kashe mutum 28 a jiharku da 47 a jihar Victoria, duk ɗan agajin da ke aiki a lokacin yana da labarin wannan rana. Amma in ka auna shekara arba'in, irin waɗannan ranaku ba su cika tafin hannu ba.

Sauran duk aiki ne mai maimaita kansa. Dare ɗaya a mako ana atisaye a ɗan zauren unguwa, ana ɗaure juna da bandeji, ana danna ƙirjin mutum-mutumi. Ranar Asabar a tsaya a gefen filin ƙwallo na yara cikin sanyi, wataƙila a tashi ba abin da ya faru sai targaɗe ɗaya da haɓo. Ranar 25 ga Afrilu, ranar tunawa da sojoji, a fito tun kafin asuba saboda tsofaffin da ke suma a wajen fareti. Baje kolin noma na shekara-shekara, jerin gwanon Kirsimeti, tseren motoci, wasan makaranta. Abin da aka fi gani shi ne bororo a ƙafa, ciwon kai, harbin ƙudan zuma, zafin rana, yaron da ya ɓace wa uwarsa, da matashin da ya sha ya yi tatil. Bayan an tashi a ƙirga kaya, a duba abin da wa'adinsa ya ƙare, a wanke, a cike takarda. Sannan a fita neman gudunmawa don sayen wasu kayan.

A jiharku akwai ƙari. Tun farkon shekarun 1950 St John ce ke gudanar da motocin ɗaukar majinyata, kuma 'yan sa-kai ne ke riƙe da yawancin aikin dare da na ƙarshen mako. Ma'ana mutum ya tashi daga masana'anta, ya ci abinci, ya je ya kwana a tashar motar asibiti, a tashe shi ƙarfe biyu na dare zuwa haɗarin mota, da safe ya koma bakin injinsa. Maƙwabcinka in ya shiga a shekarun 1960, da wuya a ce bai yi wannan ba.

Ina jan wannan bayani ne da gangan, don a nan ake rabuwa. Cikin waɗanda na koyar, wanda ya zo da zumuɗin ceton rai shi ne ke fara ɓacewa. Ya ga wata uku ba wanda ya faɗi a gabansa, sai ya ce ɓata lokaci ne. Masu daɗewa su ne waɗanda suka ɗauki daren atisaye kamar alkawari, suka saba da mutanen, har ya zama in ba su zo ba ana bugo waya a ji ko lafiya. A ganina abin da ke riƙe mutum shekara arba'in kenan: akwai wurin da ake jiransa a rana kaza, ƙarfe kaza, kuma in bai je ba kujerarsa za ta nuna. Tausayi yana shigar da mutum, amma shi kaɗai ba ya kai shi ko shekara biyu.

Ilimin da ke tsufa

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba, kuma shi ya fi ba ni sha'awa game da tsofaffin nan. Abin da maƙwabcinka ya koya a Ingila yana yaro, rabinsa an soke shi kafin ya tsufa, ya zama dole ya zauna a benci ya sake koyo, sau da yawa a hannun wanda ya haifa.

A shekarun 1950, wanda numfashinsa ya tsaya kifar da shi ake yi, a danna bayansa, a ɗaga hannuwansa. Sai a ƙarshen shekarun ne likitoci Peter Safar da James Elam suka nuna cewa hura iska baki da baki ya fi, a 1960 kuma masu bincike a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka suka bayyana danna ƙirji. Haɗuwar biyun ce ta zama abin da ake koyarwa yau: danna ƙirji sau 30, hura iska sau 2, da saurin danna 100 zuwa 120 a minti. Na'urar da ke farfaɗo da zuciya da lantarki kuwa, a 1965 ne Frank Pantridge ya fara sa ta cikin motar asibiti a Belfast, mai nauyin gaske, yau ga ta rataye a kantuna da filayen wasa tana yi maka magana tana gaya maka abin da za ka yi. Ƙuna da ake shafa wa man shanu, yanzu ruwan famfo mai sanyi ne na minti 20. Ɗaure gaɓa tamau don tsai da jini an koyar da shi, an hana, yanzu an dawo da shi ga jinin da ya ƙi tsayawa.

Ga kuma abin da Ingila ba ta koya masa ba sam. Macijin Ingila mai dafi nau'i ɗaya ne kacal, kuma da wuya ya kashe mutum. Ostireliya kuwa tana da macizai cikin mafi dafi a duniya. Da can tsaga wurin ake yi a tsotse, sai a 1979 Struan Sutherland da abokan aikinsa a Melbon suka nuna cewa naɗe gaɓar gaba ɗaya da bandeji mai matsi, a ɗaure ta da katako, a hana mutum motsi, yana jinkirta tafiyar dafin. Daga nan aka juya darasin baki ɗaya.

Na ga tsofaffin da wannan sauyi ya kore su, don girman kai bai bar su su karɓi gyara daga yarinya 'yar shekara ashirin da biyar ba. Wanda ya kai arba'in a ciki ya haɗiye wannan sau da yawa. Ni wannan nake girmamawa fiye da lambobin da ke ƙirjinsu.

Ribarsa da asararsa

Kuɗi babu. Abin da ake samu shi ne horo kyauta, abokai, da sanin cewa in wani ya faɗi a gabanka ba za ka tsaya kana salati kawai ba. Wasu horon ya zame musu tsani zuwa aikin jinya ko aikin motar asibiti na albashi. Ƙungiyar tana ba da lambar daɗewa a hidima, tana kuma shigar da wasu cikin jerin masu darajarta. Ƙasar ma ta kafa nata lambobin girmamawa a 1975, kuma in ka duba sunayen da ake fitarwa kowace shekara za ka tarar da 'yan sa-kai na ƙananan garuruwa da yawa. Sai kuma abin da ka gani da idonka: mutumin da ya sauka ƙasar bai san kowa ba, an yi masa sahu ranar da zai bar ta.

Amma kada in yi maka kwalliya. Wani ne ya biya kuɗin waɗannan darare, kuma yawanci matar gida ce, wadda ita ma baƙuwa ce, ta fi shi kewar gida, aka bar ta da yara ranar Asabar. Wasu matan sun warware matsalar ta hanyar shiga sashen mata na ƙungiyar, suka sa yaran a sashen yara, gida gaba ɗaya ya koma na agaji. Wasu kuwa sun haƙura ne kawai. In za ka shiga yi wa matar maƙwabcinka gaisuwa, ka gode mata ita ma.

Akwai kuma abin da ido ya gani. A zamaninsu babu wanda ke zaunar da kai bayan mummunan haɗari ya tambaye ka yadda kake ji, shayi ake ba ka a ce gobe ma rana ce. Na yi jinyar tsofaffin da suka manta sunan jikokinsu amma suna iya kwatanta maka wata kwana a kan hanya da launin motar da suka tarar a kife.

Sannan tambaya mai nauyi: shin daidai ne aikin ceton rai ya dogara da kyauta? A jiharku wannan ta zama rigima a ƙarshen shekarun 1980. Ma'aikata masu albashi suna ganin aikin ya zurfafa, yana buƙatar ƙwararru na cikakken lokaci, kuma aikin kyauta yana danne musu haƙƙi. 'Yan sa-kai suna ganin ana korarsu daga gidan da suka gina. Ƙarshenta aka janye 'yan sa-kai daga motocin cikin birni, aka kafa hukumar motocin asibiti ta jiha daban, St John ta koma ga koyarwa da tsayawa a taruka. Tsofaffi da yawa ba su huce ba har suka mutu. Ni a matsayina na ma'aikacin asibiti ina ganin masu albashin sun fi gaskiya game da birni, don magunguna da na'urorin da ke cikin motar yau sun wuce abin da mutum zai riƙe da dare ɗaya a mako. Amma a ƙauyukan jihar har yanzu 'yan sa-kai ne ke jan motocin, don ba gwamnatin da za ta iya ajiye ma'aikaci a kowane ƙauye mai mutum ɗari uku. A jihar Yammacin Ostireliya da Yankin Arewa na ƙasar kuma St John ce har yau ke gudanar da motocin.

Kai fa?

Za ka iya shiga, kuma ina ba ka shawarar ka shiga. Ba a tambayar addini ko ƙasar haihuwa. Abin da za a nema shi ne takardar 'yan sanda cewa ba ka da tabon laifi, izinin aiki kusa da yara, Turancin da zai ishe ka jin majinyaci da ba da rahoto, da kuma lokaci. Fara da kwas ɗin taimakon gaggawa na kwana ɗaya. A can shaidar danna ƙirji duk shekara ake so a sabunta ta, ta taimakon gaggawa kuma duk shekara uku. Batun biza ba fannina ba ne, ka tambayi ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku yadda aikin sa-kai yake da sharuɗɗanka kafin ka sa hannu. In tsoron shari'a ne ke damunka, dokar jiharku tana kare wanda ya taimaka da kyakkyawar niyya a halin gaggawa matuƙar bai yi ganganci ba. Lambar gaggawa 000 ce, ka riƙe ta tun yau.

Na san abin da ke ƙasan tambayarka game da Musulunci: alamar da ke jikin yunifom. Gicciye ne fari mai tsini takwas, kuma tushen ƙungiyar yana komawa ga wani asibitin masu ziyara na Kirista a birnin Ƙudus tun ƙarni na 11. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Aikin yau dai ba wa'azi a cikinsa. Akwai St John a Malesiya inda Musulmi suka fi yawa, kuma asibitin ido da ƙungiyar ta kafa a Ƙudus a 1882 har yanzu Falasɗinawa ne mafi yawan majinyatansa. Hukuncin sa alamar kuwa na malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ƙofofi suna da yawa: hukumar agajin gaggawa ta jiha mai aikin ambaliya da guguwa, masu kashe gobarar karkara, masu kai wa tsofaffi abinci. Ko kuma ka yi kwas ɗin, ka tara wasu 'yan'uwa, ku zama masu tsayawa ranar Idi da buɗa-baki a masallacinku, ku kuma matsa wa kwamiti ya sayi na'urar farfaɗo da zuciya.

Abubuwa biyu ka shirya musu. Za ka taɓa mata, don wadda ta faɗi ba za ta jira a nemo mace ba. Ladabin aikin shi ne ka nemi izini in tana cikin hayyacinta, ka rufe abin da ba dole a buɗe ba, ka kira abokiyar aiki in akwai. Za ka kuma yi hidimar mashaya a taruka, ka juya su kan gefe kada amai ya shaƙe su, ba tare da ka ɓata fuska ba. Maganar salla kuwa, ka faɗa wa shugaban tawaga tun kafin a fara, ban taɓa ganin inda aka hana ba.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. Ka taso kana ganin 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Izala da Fityanul Islam cikin kaki a filin Idi da sansanin alhazai. Zuciyar aikin muna da ita. Abin da na ga ya fi ƙaranci a gida, lokacin da nake koyarwa, shi ne maimaita horo da sabunta shi, da kayan aiki. Fareti yana samun lokaci fiye da danna ƙirji. In ka koma da wannan ɗabi'a ta atisaye kowane mako da ƙirga kaya, ka koma da abu mai amfani.

Sai dai ka tace abin da za ka kai gida, yadda maƙwabcinka ya tace na Ingila. Naɗin bandeji mai matsi da za a koya maka an tsara shi ne don macizan Ostireliya, waɗanda dafinsu ba ya cika lalata naman wurin saran. Kububuwa da kasa, waɗanda suka fi addabar manomanmu, dafinsu yana kumbura gaɓa, yana cin nama, na kububuwa kuma yana hana jini daskarewa, don haka matse gaɓar na iya ƙara ɓarna. A gida abin yi shi ne a cire zobe da duk abin da ke matsewa, a tallafe gaɓar kada ta motsa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar dafi, irin na Kaltungo a jihar Gombe, ko da a kan babur ne da wani yana riƙe da shi ta baya.